Me ya sa ramin kamfani ke tsayawa, namu na burji yana ruftawa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da wani ramin burji a bayan garin Tawa, inda tifofi ke zuwa lodi don aikin hanya da cikon gidaje. Zurfinsa bai wuce mita 6 ba, amma a daminar bana gefe ɗaya ya rufto da hantsi, ya danne wani yaronmu har ƙugu, da ƙyar muka fiddo shi da karaya. Ga ƙanena kuma yana can arewa wajen haƙar zinariya, kullum hankalina na kansa. An ce ramukan kamfani a Arlit sun ninka namu zurfi sau goma, kuma suna nan tsaye. Injuna ne sirrin, ko akwai dabarar da mu ma za mu iya koya? Sannan masu saye kan zo suna faɗa idan cikonsu ya lotsa, su ce burjinmu ne ba kyau. Gaskiya ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaron lafiya, ya kiyaye na gaba. Na sha tsayawa a bakin irin wannan rami, a Tawa da kewayen Yamai, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne.

Ba injuna ba ne. Katafila sara kawai ta iya, ba ta riƙe bango. Takan ma ƙara haɗari, domin abin da mutum ashirin za su yi wata suna haƙa da diga da shebur, ita a yini guda take kwashe shi, bango ya miƙe ba wanda ya samu sukunin dubansa. Abin da ya raba ramin kamfani da naku awo ne. Ana auna ƙasa kafin a sare ta, ana auna ruwan da ke cikinta, ana kuma ci gaba da auna bangon har ranar da za a bar wurin.

Ɗauki Arlit ɗin da ka ambata. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da yuraniyam a 1971, daga buɗaɗɗun ramuka masu zurfin mita 50 zuwa 70. Kafin a buɗe rami irin wannan sai an daɗe ana huda ƙasa da wani inji mai kama da na burtsatse, sai dai shi ba ya niƙe dutsen, yana fiddo shi ne a mulmule, dogo kamar karan rake. A jera shi cikin akwatuna, a rubuta zurfin kowane yanki. Masanin duwatsu ya durƙusa a kansu da ɗan gudumarsa da kwalbar ruwa, yana jiƙa dutsen don launinsa ya fito, yana ƙirga tsagu, yana duba ina suka karkata, yana neman siririn layin yumɓu da wataƙila bai fi kaurin yatsa ba. Wannan layin ya fi tsoro, don a kansa dutse mai nauyin dubban tan ke zamewa. Wasu yankunan a kai su ɗakin gwaji a matse da inji har su fashe, a san iyakar ƙarfinsu. Duka a zuba a kwamfuta, ta zana cikin ƙasar kamar an yanka kabewa, a lissafta yadda bango zai kwanta ta yadda ƙarfin da ke riƙe shi zai fi wanda ke jansa ƙasa, yawanci da kashi 20 zuwa 50 cikin 100.

Yanzu mu dawo raminka. Ban gan shi ba, amma na san ƙasar Adar. A kan tuddanmu akwai marmara mai tauri, ƙarƙashinta kuma ƙasa mai taushi ce, da yumɓu, da dutsen farar ƙasa irin wanda masana'antar siminti ta Malbaza ke aiki da shi. Marmarar nan ke yaudarar mutane. Da rani ka sare ta tsaye kamar katanga ta tsaya, ka ɗauka haka halinta yake. Ruwan sama na sauka, abu uku ke faruwa lokaci guda: ƙasar ta sha ruwa ta ƙara nauyi, ruwa ya cika tsagun da ke bayan bango yana tura shi gaba, yumɓun da ke ƙasa kuma ya jiƙa ya yi santsi kamar sabulu. Shi ya sa bango ba safai yake faɗuwa ana tsakiyar ruwa ba. Sai washegari da hantsi, ko bayan kwana biyu, rana ta fito, kowa ya saki jiki ya koma aiki. Na tabbata in ka tuna, an yi ruwa kafin ranar da abin ya faru.

Akwai kuma wata ɗabi'a da nake roƙonka ka hana ta daga yau, ko da za a ce ka cika tsanani: sassaƙe gindin bango don sama ta faɗo da kanta a huta da sara. Na taɓa tarar da samari uku a wani rami suna cin abinci a inuwar irin wannan rumfar ƙasa da suka ƙwaƙule da hannunsu. Da na hau sama, tsaga ce a bayanta da hannuna ke shiga har wuyan hannu. Na yi ta ihu har suka fito suna ganin na takura musu. Mutane ba su san nauyin ƙasa ba. Mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi na burji ya kai kimanin tan 1.8, wato buhun siminti 36. Ɓallin bango mai tsayin mita 6, kaurin mita 1, tsawon mita 5, ya haura tan 50. Wanda ƙasa ta danne har ƙirji, ko kansa na waje numfashi na iya gagararsa. Shi ya sa a Faransa doka ta ce ramin da aka sare tsaye, in ƙunci gare shi kuma ya wuce mita 1.30, sai an tokare gefensa kafin mutum ya shiga. A Amurka iyakar ƙafa 5 ce, kimanin mita ɗaya da rabi.

Maganin kamfanoni matakala ce. Duba hoton kowane babban rami, za ka ga ba bango ɗaya ba ne, hawa-hawa ne. Kowane mataki yakan kai mita 10 zuwa 15, daidai da injunansu, sai a bar fili kafin na gaba. Filin na tare abin da ya ɓalle daga sama, yana kuma kwantar da gangaren gaba ɗaya. Kowace ƙasa da kwanciyar da take so. In ka zuba gero a tabarma, yakan yi tsibi ya tsaya a gangare ɗaya, kome ka ƙara ba zai fi haka miƙewa ba. Busasshen yashi haka yake, tsakanin digiri 30 da 35. Dutse mai ƙarfi ya fi jure miƙewa, jiƙaƙƙen yumɓu kuwa ko na yashin ba ya kaiwa.

A raminka, mita 6 ɗin nan ka raba shi uku, kowane mataki mita 2, faɗin filinsa kada ya gaza tsayinsa. A riƙa ci daga sama ana sauka. Inda da hannu ake sara, kada fuskar da ake sara ta wuce tsayin mutum, inda inji ne kada ta wuce inda hannunsa ke kaiwa. Ƙasar saman da kuke yayewa a daina tara ta a bakin rami, tifa mai lodi ma ta daina tsayawa nan, duk nauyi ne a kan bango. Sai ka ja kwata a sama, nesa kaɗan da baki, ta karkatar da ruwan tudu ya bi wata hanya. Mutanen Keita sun san wannan aiki tun 1984, lokacin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa a can, ana jera duwatsu ana sare wa ruwa gudu. Ba zan ɓoye maka ba, matakala na cin fili, kuma za ka bar wani burjin a bango ba ka sayar ba. Kamfanoni ma wannan lissafin ke hana su barci, don kowane digiri ɗaya da aka kwantar da bango, ƙarin ƙasar banza ce da sai an kwashe. Amma ka gwada kuɗin tifa goma da ƙafar yaron nan.

Inda zamani ya fi kawo canji shi ne gadin bango. Ana kafa ƙananan madubai a jikinsa, na'ura na auna su dare da rana. Akwai radar da ke ganin motsin da bai kai milimita ba, akwai jirage marasa matuƙi da ke ɗaukar hoton ramin a kwatanta na yau da na makon jiya. A ramin tagulla na Bingham da ke jihar Yuta a Amurka, mai zurfin kusan kilomita guda, bango ya zube a watan Afrilun 2013, ɗaya daga cikin mafi girman zaftarewar ƙasa da aka gani a wurin haƙar ma'adinai. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, domin na'urori sun nuna motsin yana ƙara sauri, aka kwashe ma'aikata tun kafin lokacin. Bango yakan yi gargaɗi, kuma kai ma kana iya saurarensa da kayan da ba su kai kuɗin buhun siminti ba. Inda ka ga tsaga a sama, kafa turaku biyu, ɗaya kowane gefe, ka buga ƙusa a kan kowane. Kowace safiya, kafin kowa ya sauka, ka auna tsakanin ƙusoshin da awon tela, ka rubuta a littafi da kwanan wata. In tazarar ta ƙaru, a janye daga ƙarƙashin wurin. In ƙaruwar yau ta fi ta jiya, a fita daga ramin gaba ɗaya. Tsakuwa na gangarowa ba iska, gindin bango ya kumbura, ko ruwa na tsattsafowa daga jikinsa, duk magana ɗaya suke faɗa. Bayan ruwa mai ƙarfi kuma, kai da kanka za ka zagaya sama tukuna.

Kada ka ɗauka kamfanoni ba sa kuskure. A Farkowa ta Burkina Faso, a watan Afrilun 2022, ruwan sama ya kwarara cikin mahaƙar ƙarƙashin ƙasa, ma'aikata 8 suka rasu. Duk da injuna da injiniyoyi, ruwa ne dai ya ci su.

Batun ƙanenka ya fi tayar mini da hankali, domin rijiyar zinariya ta fi buɗaɗɗen rami sharri. Ba mu manta da Ɗan Isa a jihar Maraɗi ba, inda a Nuwamban 2021 rami ya rufta da aƙalla mutum 18. A Akuta, kusa da Arlit, kamfanin COMINAK ya yi aikin haƙar yuraniyam a ƙarƙashin ƙasa, a zurfin mita 250, daga 1978 har aka rufe a ƙarshen Maris na 2021, kuma abin da ya riƙe rufin shi ne ginshiƙan dutse da ake bari da gangan, da ƙarafan da ake kafawa cikin rufin su ɗinke shi. Masu haƙar hannu kuwa, in suka ga jijiyar zinariya ta ratsa ginshiƙi, sai zuciya ta ce a cinye shi. Ka gaya masa ginshiƙi ba a taɓa shi, kome ƙyallinsa. Ka gaya masa rijiyoyi kusa da kusa, kowa na ƙwaƙule ƙarƙashin ɗan'uwansa, kabari ne ake haƙa tare. Kada a taɓa sauke janareta ko injin jan ruwa mai shan fetur cikin rami, gubar hayaƙinsa ba ta da wari, mutum sai ya ji kasala da ciwon kai ya zauna, shi ke nan. Bayan tashin nakiya a hura iska a jira kafin a sauka. Wajen huda da daka kuma a riƙa jiƙa dutsen, don ƙurarsa kan taru a huhu ta zama tarin da ba ya warkewa.

Maganar ciko kuwa, wani lokaci burjin ne, in yumɓu ya yi masa yawa, amma galibi aikin ne. Iyayenmu mata masu daɓe sun riga injiniyoyi sanin wannan: a shimfiɗa kaɗan, a yayyafa ruwa, a bi da madaɓi, a ƙara. A 1933 wani injiniya Ba'amurke mai suna Proctor ya nuna da awo cewa kowace ƙasa tana da adadin ruwan da take fi daɓuwa da shi, in ya gaza ta ƙi haɗuwa, in ya wuce ta zama taɓo. Da gwajinsa ake aikin hanya har yau: a shimfiɗa santimita 20 zuwa 30, a jiƙa, rola ta bi, a auna, kuma yawanci sai ya kai kashi 95 cikin 100 na abin da ɗakin gwaji ya samu kafin a ɗora na gaba. Ƙasar da aka haƙo ta riga ta kumbura da iska, wanda ya juye tifa uku a wuri ɗaya ya baje sama ya shafe da siminti, damina ɗaya za ta nuna masa. Ka koya wa masu sayenka gwajin hannu: a damƙi burjin da aka jiƙa a dunƙule. In ya ƙi dunƙuluwa, ruwa ya yi kaɗan. In ya bar laka a tafin hannu, ya yi yawa. In ya dunƙulu, aka sake shi daga tsayin ƙugu ya fashe gida uku ko huɗu, to a fara daɓe.

In da hali, ku haɗa kuɗi da maƙwabtan raminku ku ɗauko wanda ya karanci aikin ma'adinai, irin waɗanda makarantar EMIG ta Yamai ke yayewa, ya zo ya ga wurin da idonsa ya shata muku matakalar, tun da sauran rani.