Fatawa: Shin dole ne in janye umarnin kariya da ƙarar da ke kan mijina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A Abuja nake zaune. Mijina ya doke ni har ya shaƙe min wuya. Kotu ta ba ni umarnin kariya, an kuma gurfanar da shi. Yanzu danginsa sun zo ban haƙuri, iyayena ma sun ce in janye komai saboda yara. Ina da zunubi idan na ƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Ba ki da zunubi idan kin ƙi. Yafe haƙƙinki mustahabbi ne, ba wajibi ba, kuma ayar da ake yawan janyo miki (Shura: 40) ta haɗa yafiya da gyara. Yafiyar da za ta mayar da ke hannun mai duka ba tare da ya canza ba, ba ita ayar ta yaba ba. Biyayya ga iyaye kuwa a cikin abin da yake ma'arufi ne, Annabi (SAW) kuma ya ce babu cuta, babu cutarwa.

Abu biyu ne a gabanki, kada ki cakuɗa su.

Umarnin kariya naki ne. Ƙarƙashin dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 (VAPP) kina iya rubuta wa kotun da ta bayar da shi ki nemi a soke shi ko a sassauta shi. Amma har sai alƙali ya yi hakan, umarnin yana nan daram. A nan mutane suke kuskure: a yi sulhu a falo, miji ya dawo gida a daren, alhali idan umarnin ya hana shi shiga gidan, a idon doka ya saɓa wa kotu, ko da ke kika buɗe masa ƙofa. Shawarata ita ce sassautawa kafin sokewa: a ba shi damar ganin yara ko zaman sulhu a gidan waliyyinki, hanin duka da barazana ya ci gaba da aiki. Idan kika soke gaba ɗaya ya sake, sai kin faro daga tushe.

Ƙarar laifi kuwa ba taki ce ke kaɗai ba. Dokar ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce N200,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya doki abokin aurensa. Za ki iya sanar da mai gabatar da ƙara cewa kin yafe, sai dai kotu ce ke da ikon amincewa, Antoni Janar ne kuma tsarin mulki ya ba ikon dakatar da shari'a. Wannan bai saɓa wa fiƙihu ba. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi kisan ganganci ko dangin mamaci sun yafe masa ƙisasi, ana yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara 1, domin al'umma ma tana da haƙƙi.

Abin da yake haramun a kanki shi ne ki je gaban alƙali ki ce faɗuwa kika yi, ko ƙarya kika shirga masa. Wannan shaidar zur ce, tana cikin manyan zunubai, kuma za ta zubar da ƙimar maganarki ranar da kika sake buƙatar kotu. Ki ce ya faru, na yafe. Takardar asibiti da hotunan raunin ki ajiye su a wurin wanda kika amince da shi.

Ki dubi shaƙewar nan da idon basira. Hannun da ya kai wuya ya kusa kai wa ga rai. Idan a zuciyarki kina tsoron zai sake, janye kariyar bai halatta ba, saboda Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka (Baƙara: 195). Haka nan idan da barazanar saki ko ƙwace yara ake matsa miki, ki faɗa wa alƙali, domin abin da aka yi bisa tilas ba yarda ba ne.

Idan kina son sulhu, hanyarsa tana cikin Nisa'i: 35, wato mai sulhu ɗaya daga danginki, ɗaya daga danginsa. Ya amsa laifinsa a gabansu, ya biya kuɗin magani, a rubuta sharuɗɗa da shaidu, a kuma ba shi lokaci a ga halinsa. Idan zama ya gagara, malaman Malikiyya sun ba ki damar neman alƙali ya raba auren saboda cutarwa, ba sai kin fanshi kanki da khul'i ba. Wallahu a'alam.