Tambaya da Amsa: Shin Ƙaimin Ƙadangare Dangin Alayyahu Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Akwai wata ciyawa da take fitowa a gefen gonarmu duk damina, wadda idan kaka ta yi, 'ya'yanta suke maƙale wa mutum a wando har su soke shi. A wajenmu ana kiranta ƙaimin ƙadangare, wasu kuma suna cewa haƙorin maciji. Wani ɗalibin aikin gona ya ce mini dangin alayyahu ce, wani dattijo kuma ya ce tana maganin saran maciji. Ina neman ƙarin bayani. Daga wani manomi a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam manomi. Ɗalibin nan ya faɗi gaskiya, domin masana tsirrai sun sanya ƙaimin ƙadangare a gida ɗaya da alayyahu da zaƙi-banza, kuma sunan da suka san shi da shi, wato Achyranthes aspera, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya raɗa masa a shekarar 1753. Zumuncin yana ɓoye ne a cikin furen, wanda yake ƙanana, busassu kamar ƙaiƙayi, jere a kan doguwar zangarniya. Idan ka lura da kyau, za ka ga karansa mai kusurwa huɗu ne, ganyensa suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, sannan idan 'ya'yan sun nuna sai su sunkuya ƙasa su kwanta a jikin zangarniyar, kowanne da 'yan ƙayoyi masu tsini. Da waɗannan ƙayoyi yake kama tufafin mutum da gashin awaki da tumaki, su ɗauke masa iri su kai nesa, abin da ya sa ake samunsa a ƙasashe masu zafi na Afirka da Asiya da sauran sassan duniya.

Ba a ko'ina ake raina shi ba. A Indiya, inda masu maganin gargajiya suke kiransa apamarga, ana yin asuwaki da saiwarsa, ana kuma ƙona shi a yi amfani da tokarsa wajen wanki da haɗa magani, saboda tana da kaifi irin na ruwan tokar da iyayenmu mata suke tacewa domin miya. A wasu wurare ana dafa ɗanyen ganyensa a ci kamar alayyahu, musamman a lokacin ƙarancin abinci. Sai dai ina gargaɗin mata masu juna biyu da su nisance shi, domin a Indiya da Habasha an daɗe da sanin saiwarsa a matsayin abin da yake tayar da naƙuda, gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi kuma sun nuna tana iya zubar da ciki.

Maganar dattijo ce ta fi damuna, duk da cewa ba shi kaɗai yake faɗar ta ba, domin har a Indiya akwai masu wannan imani. Abin da aka tabbatar yana karya dafin maciji a jikin mutum shi ne allurar kashe dafi da ake yi a asibiti. Kububuwa, wadda ta fi kowane maciji halaka manoma da makiyaya a yankinmu, dafinta yana hana jini daskarewa, ta yadda mutum zai ga kamar ya samu sauƙi bayan an shafa masa ganye, alhali jini yana tsiyaya a cikin jikinsa. Idan tsautsayi ya auku a gona, kada a tsaga wurin, kada a tsotse shi, kada kuma a ɗaure shi tamau. A kwantar da wanda aka sara, a hana shi motsa gaɓar, a cire masa zobe ko abin hannu tun kafin kumburi, sannan a garzaya da shi asibiti mafi kusa da yake da allurar, irin asibitin masu saran maciji da yake Kaltungo a Jihar Gombe.