Ƙanina da ke karatu a Saifurus ya yi ɓatan dabo, ta ina za mu fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema cikin gaggawa. Ƙanina ne yake karatu a Arewacin Saifurus, shekararsa ta uku kenan. Da aka yi hutu ya ce mana zai biya ta Istanbul ya yi kwana biyar wajen wani abokinsa, ya yi wa Hajiya sayayya, daga nan ya taho gida ta Abuja. Yau kwana tara rabon da mu ji shi, WhatsApp ɗinsa tik ɗaya, layi a kashe, ranar da ya ce zai sauka ta wuce da kwana uku, Yayanmu har filin jirgi ya je ya wuni ya dawo. Abokin zamansa ya ce shi dai ya ga ya fita da jaka ɗaya. Hajiyarmu ko abinci ba ta iya ci. Wasu sun ce mu saka hotonsa a Facebook, wasu sun ce mu ƙara jira. Ta ina za mu fara? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya bayyana shi cikin aminci, Ya sanyaya wa Hajiya zuciya. Maganar jira dai ki ajiye ta gefe, kwana tara ai an gama jira. Na daɗe ina hulɗa da ɗalibanmu masu karatu a waje da iyayensu, kuma abu na farko da nake faɗa wa duk wanda ya zo min da irin wannan shi ne, a yanzu ba ku san ƙasar da yaron ya ɓata ba ma. Kuna cewa Istanbul ne saboda shi ya ce muku Istanbul, amma wa ya gan shi a Istanbul? Wanda ya gan shi na ƙarshe da idonsa a Saifurus ya gan shi, da jaka ɗaya, yana fita daga ɗaki. Toh daga bakin ƙofar nan za a ɗauko sawu, a bi shi taki-taki har inda ya yanke, domin inda ya yanke can ne 'yan sandan da ke da hurumi suke.

Bari in ɗan yi miki bayanin wurin, saboda yana da wani irin yanayi da yawancin iyaye ba su sani ba sai an shiga matsala. Tsibirin Saifurus a rabe yake biyu tun 1974. Kudu ita ce ƙasar da duniya ta sani, tana cikin Tarayyar Turai tun 2004. Arewa kuwa, inda yaranmu suke cika a garuruwan Lefkosha da Girne da Magusa, ta ayyana kanta ƙasa a 1983 amma Turkiyya kaɗai ce ta amince da ita. Shi ya sa Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a can, sai dai a nemi na Ankara, babban birnin Turkiyya, kuma shi ya sa duk jirgin da ya tashi daga filin jirginsu na Ercan sai ya sauka Turkiyya tukuna. Wannan a wajenku ma sauƙi ne, don ƙofofin fita kaɗan ne, ko dai Ercan, ko jirgin ruwa irin wanda ke tashi daga Girne zuwa Tashuju a gaɓar Turkiyya, ko kuma tsallaka iyaka zuwa kudu. Ta halastacciyar ƙofa in ya fita, sunansa na cikin kwamfutar shige da fice.

Ki fara da tikiti. Ya taɓa turo muku hoton tikitin? Ku duba duk wayoyin gida, ta Yaya, ta Hajiya, guruf ɗin 'yan gida, imel ɗin wanda ya biya kuɗin in ba shi ya biya ba. Abin da ake nema wata 'yar lamba ce mai haruffa da lambobi guda shida, ita ake kira PNR. In kin same ta ki shiga shafin kamfanin jirgin, wajen duba tikitin da aka saya, ki sa ta tare da sunan mahaifi kamar yadda yake a fasfo, nan take za ki ga ko tikitin na gaske ne, ko an soke shi, ko an ɗaga ranar. Kamfanin jirgi ba zai gaya miki ta waya cewa wane ya hau ko bai hau ba, kar ki ɓata katinki, amma in 'yan sanda suka tambaya a rubuce za a ba su. In kuwa aka bincika kaf babu wanda ya taɓa ganin tikiti, baki kawai ya faɗa, toh wannan ma amsa ce, ki riƙe ta.

Sai biza, kuma nan ne nake so ki nutsu. Mai fasfon Najeriya in zai canza jirgi ne kawai a Istanbul ba tare da ya fita daga filin ba, wannan daban, amma kwana biyar a cikin gari wajen aboki da sayayya sai da bizar Turkiyya, izinin zama na Arewacin Saifurus ba ya shigar da mutum. Kai ko canjin jirgin ma akwai tarko, domin Istanbul filin jirgi biyu gare ta, babban da ke ɓangaren Turai da kuma Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya, yaro zai ga tikiti mai araha ya saya bai lura ba ashe a ɗaya zai sauka a ɗayan zai tashi, kuma ba ya isa wancan sai ya shiga ƙasar. Don haka ki tambayi abokin zaman nasa, ya taɓa ganin ya je neman biza? Ya ga an buga masa a fasfo? Shi kuma abokin nan na Istanbul waye shi, ɗan ina ne, akwai wanda ya taɓa jin muryarsa? Sau da yawa in na yi wannan tambayar sai gida ya yi tsit, kowa na kallon kowa.

Kuma dan Allah ku sake kiran abokin zaman, amma ba da faɗa ba, ba da "kai ne ka san inda yake" ba, in kuka tsorata shi zai rufe baki ne kawai. A sa mutum ɗaya mai sanyin magana ya kira shi ta bidiyo ya ce ya zagaya da kyamara cikin ɗakin. Laftof ɗinsa na nan? Cajar waya, takardun makaranta, rigunan sanyi, fasfo? Wanda zai je gida hutu ya dawo yakan bar kayan sanyi da littattafai, wanda ba shi da niyyar dawowa yakan sayar da 'yan kayansa a hankali kafin ya tafi, wanda kuma ya fita da niyyar dawowa da yamma za ki tarar har buroshinsa na nan. Ɗaki yana magana wallahi. A tambaye shi kuɗin haya ya biya? Yana zuwa aji a zangon da ya wuce? Akwai wanda ke binsa bashi?

A yau ɗin nan kuma, ba gobe ba, a shigar da rahoto wajen 'yan sandan garin da yake zaune. Lambarsu ta gaggawa 155 ce, amma rahoton ɓata gara mutum ya taka da ƙafarsa, abokin zaman ko shugaban ƙungiyar ɗaliban Najeriya na makarantar, ya tafi da kwafin fasfo da hoto na kwanan nan, ya karɓo lambar rahoton. Su ne za su iya duba ko ya fita daga ƙasar, ta wace ƙofa, ran nawa ga wata, su ne kuma za su duba asibitoci da wuraren tsare mutane. A lokaci guda ku rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar, imel ɗaya gajere mai ɗauke da cikakken suna, lambar ɗalibi, lambar fasfo, ranar da aka ji shi na ƙarshe. Wataƙila su ce ba sa ba da bayanin ɗalibi tunda baligi ne, kar ku yi zuciya, ku ce musu ba sakamakon jarabawa kuke nema ba, so kuke su tabbatar yana raye kuma su ba 'yan sanda haɗin kai. Wannan takardar dai ita za ku tura wa ofishin jakadancin Najeriya a Ankara, da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, da hukumar 'yan Najeriya mazauna waje wato NIDCOM, wadda ita ce ma a 2020 ta fito ta gargaɗi iyaye kan tura yara Arewacin Saifurus. In Yaya zai iya zuwa Abuja da kansa ya miƙa a buga masa hatimin karɓa ya fi, imel kaɗai yakan kwana a akwati.

Yanzu bari in faɗa miki abin da na fi gani, ba don in rage miki damuwa ba sai don ku san inda za ku leƙa. Na farko tsarewa. Izinin zaman ɗalibi sabunta shi ake yi, kuma sai kana da rajista a makaranta, in ya ƙare tara ce ke hawa kullum, yaro zai zo filin jirgi da murnarsa a ce masa ga abin da ake binka. A Turkiyya kuma wanda aka kama ba takardu ana kai shi cibiyar da ake ajiye waɗanda za a mayar ƙasarsu, a karɓe waya, shi ya sa sai ki ga tik ɗaya na kwana da kwanaki alhali mutum na nan lafiya. Akwai yarjejeniyar Biyana ta 1963 da ta ce in an tsare baƙo yana da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa in ya nema, matsalar yaranmu da yawa ba su san su nema ba, wasu kuma kunya ke hana su.

Na biyu, kuma ki yi haƙuri da ni, kunyar gida. Na taɓa bin sawun wani yaro kusan sati uku, uwarsa har ta fara karɓar jaje, ashe yana gari ɗaya da makarantar a ɗakin wani abokinsa, an dakatar da shi tun shekarar da ta wuce saboda kuɗin makaranta da ya bi ta hannun ejan bai isa ba, shi kuma ya kasa faɗa, ya yi ta cewa komai lafiya har ranar da ya ce zai dawo gida ta zo, sai ya kashe waya. Abin da ya fito da shi saƙon murya ne na uwar, minti ɗaya bai cika ba, ta ce ko me ya faru ta yafe, muryarsa kawai take so ta ji. Don haka Hajiya ta yi irin wannan, a tura ta WhatsApp da imel da duk inda yake da akawun, a kuma ba abokansa, don in ɓuya ya yi akwai wanda ke kai masa labari.

Na uku tsallakawa kudu neman mafaka. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai wani zirin fili mai tsawon kusan kilomita 180 da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ke gadi, masu fasa-ƙwaurin mutane suna ruɗar ɗalibai cewa da ka tsallaka ka shiga Turai, alhali kudun ma tsibiri ne, sansanin masu neman mafaka na Pournara ake kai mutum ya yi ta zama. A 2021 wasu 'yan Kamaru sun maƙale a zirin nan wata da watanni cikin tanti, ba gaba ba baya, sai bayan ziyarar Fafaroma a Disambar shekarar aka kai su Italiya. In kwamfutar arewa ta nuna bai fita ba kuma ba a same shi a asibiti ko a tsare ba, toh a waiwayi wannan, kuma a nan ƙungiyar Red Cross ke da amfani, suna da sashen sada iyalai da waɗanda suka ɓata a hanyar hijira, kyauta ne, ta reshensu na Najeriya za ku fara.

In kuma ta nuna ya fita zuwa Turkiyya, nema ya koma can kenan, sai ofishin Ankara ya tuntuɓi hukumomin ƙasar, ku kuma ku kai rahoto wajen 'yan sandan Najeriya ku roƙi a miƙa wa sashen Interpol, wato 'yan sandan ƙasa da ƙasa, na Abuja don a fitar da sanarwar nan mai launin ɗorawa da ake yi wa waɗanda suka ɓata. Dangi ba sa nemanta kai tsaye, sai ta hannun 'yan sanda.

Batun Facebook, ban hana ba, amma a yi rahoto tukuna, kuma kar a sa lambar Hajiya, kar a sa hoton fasfo. A sayi sabon layi a ba namiji ɗaya mai taurin zuciya ya riƙe, don wallahi da kun saka, 'yan damfara za su fara kira, wannan ya ce shi lauya ne yaron na hannu a turo kuɗin beli, wancan ya ce yana asibiti sai an biya kafin a taɓa shi. Ko sisi kar ya fita sai an ji muryarsa kai tsaye, ko a tambayi abin da shi kaɗai ya sani, kamar sunan da kakarku ke kiransa da shi. Sannan in akwai wanda ya san fasuwod ɗin imel ɗinsa, ko tsohuwar wayarsa na gida da akawun ɗin a buɗe, Google da iPhone duk suna nuna wurin da waya ta hau intanet na ƙarshe, ku ɗauki hoton abin da kuka gani ku ba 'yan sanda, kar ku goge komai kar ku canza komai. Haka in katin bankin gida yake amfani da shi, mai akawun ɗin ya ciro sitetimen ya ga ina aka cire kuɗi na ƙarshe.

Wani abu da zan gaya miki tun yanzu don kar ya zo muku a ba-zata, tunda ya wuce shekara 18, in 'yan sanda suka same shi lafiya ya ce ba ya so a faɗi inda yake, za su iya ce muku yana lafiya kawai su yi shiru. Ku samu littafi ɗaya ku riƙa rubuta duk wanda aka kira, ranar, da abin da ya ce. In kin samo lambar tikitin da amsar abokin zaman kan biza, ki sake rubuto min, daga nan za mu san ko Lefkosha za a matsa wa ko Ankara.