Filin Tambayoyinku: Yawon Sallah a Bakin Tekun Legas

Wasiƙu uku na ware a wannan makon, duk a kan abu guda: hutun Sallah ya haɗe da Asabar da Lahadi, kowa na son kai iyali bakin teku.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana uku, babban shekararsa 11, autar 4. Maigidana ya ce bana a Agege za mu yi Ƙaramar Sallah wajen yayansa, kuma kashegari za a kwashi yara har da na maƙwabta a je bakin teku. Yara sun kasa barci don murna, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake. Iyakata dam ɗin Tiga. Babban ya iya iyo a kududdufin unguwa, yana ta cika baki. In hana su ne, ko in bari?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kada ki hana su. Yaron da ya taso a Kano ya tsaya ya ga ruwan da ba shi da ƙarshe, ya ɗanɗana ya ji gishiri, abu ne da zai riƙa ba da labarinsa har ya yi furfura. Ke ma ki je ki ga ikon Allah, gani ya kori ji. Amma faɗuwar gaban nan taki ki riƙe ta da kyau, ita ce za ta dawo muku da yaran gida cif-cif.

A 1996 aka kawo ni Agege amarya daga Zariya. A lokacin in an ce teku, Bar Beach ake nufi, can gefen titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Yanzu babu shi, an cike wurin da yashi an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. A Ƙaramar Sallar 2003 muka je mu tara manya, yara goma sha ɗaya. Mun shimfiɗa tabarmi, an buɗe kulolin shinkafa, hira ta yi daɗi. Ɗana na biyu, yana da shekara biyar, yana tsaye a inda ruwa bai wuce idon sawunsa ba. Igiyar ruwa ɗaya ta zo ta fi 'yan'uwanta girma, ta kayar da shi, da za ta koma ta tafi da shi. Bai yi kuka ba, bai kira ni ba. Wani bawan Allah cikin masu hayar dawakai, mutumin Sakkwato, shi ya saki linzami ya cafko rigarsa. Mu tara muna zaune, kowa ya ɗauka wani ne ke kallon yara. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Tun daga ranar ba na zuwa da yara sai an naɗa mai gadi. Mutum ɗaya, a ambaci sunansa kowa ya ji, ya tashi daga tabarma ya tsaya a bakin ruwa, ba waya a hannunsa, ba cin abinci, ba hoto. Mukan ba shi wani jan ɗankwali ya ɗaura a hannu. In ya yi kamar minti 20 sai ya je ya damƙa wa wani hannu da hannu. Wanda ɗankwalin ke hannunsa, rayukan yaran na wuyansa. Mutane na zaton mai nutsewa ihu yake yana ɗaga hannu. Yawanci shiru ne, don bakin da ke neman numfashi ba ya iya kira. Autarki kuwa, wannan hannunta a cikin naki zai wuni.

Sai maganar gwanin iyo. Ki zaunar da shi ki gaya masa ruwan kududdufi a kwance yake, na teku kuwa tafiya yake yi. Igiyoyi na ta turo ruwa kan gaɓa, kuma dole ruwan nan ya koma inda ya fito. Sai ya sami kwari a cikin yashin ƙasa ya taru ya bi da gudu, kamar yadda ruwan sama ke haɗuwa ya bi kwata bayan an ɗauke mamako. Abin da ke yaudarar mutane shi ne daidai wannan hanyar ce ta fi kama da wurin lafiya: ruwan ya fi duhu, ya fi lafawa, babu farin kumfa yana fashewa kamar dama da hagunsa. Duk uwar da ba ta sani ba, can za ta ce yara su je. To can ne bakin ramin. Wanda ruwan ya ja, kada ya ce zai yi kokawa da shi ya dawo kai-tsaye, manyan gwanaye ma gajiya suke yi su sare. Ya kwanta ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu a gan shi, ko ya yi iyo ta gefe, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga hanyar, sannan ya juyo. Na kan tudu kuma kada su faɗa da ka. A kwarma ihu, a kira masu ceto in akwai, a jefa masa jarka mai murfi ko duk abin da ke yawo a saman ruwa. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767, ki sa a wayarki tun a gida.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, wanda ban taɓa jin ana faɗa a gidajenmu ba. Teku na cika yana janyewa sau biyu a yini da dare, kuma wata ne ke jan sa. Cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Ƙaramar Sallah kuwa ai da tsayuwar wata take zuwa. Wato ranakun da muka fi tururuwa zuwa bakin teku su ne ranakun da ruwa ya fi hawa. Wurin da kuka shimfiɗa tabarma da hantsi yana iya zama cikin ruwa kafin la'asar. Ki duba inda ruwa ya bar layin ciyayi da tarkace a kan yashi, ku zauna can bayansa. Waɗanda suke Legas a watan Agusta na 2012 ba su manta yadda teku ya yi toroƙo a gaɓar Kuramo da ke Victoria Island ya tafi da mutane ba.

In da ni ce mai zaɓa, da yara ƙanana haka Tarkwa Bay zan kai ku. Katangar duwatsun da aka gina tun zamanin Turawa don kare mashigar jiragen ruwa ta tare masa ƙarfin igiya, ruwansa ya fi na Lekki sauƙi. Sai dai da kwale-kwale ake zuwa, daga tashar kwale-kwale ta CMS a Marina, tafiyar kamar minti 15 ko 20. Kowa ya sa rigar ceto kafin a tashi, a nemo wa autar daidai jikinta, in babu ku jira wani jirgin. Kada yaran su tsallaka duwatsun zuwa ɗaya ɓangaren, can teku ne tsagwaronsa. Ku kamo hanyar gida rana na sama, kada magariba ta same ku a kan ruwa.

Ke kuma in za ki taka ruwan, ki sani doguwar riga da babban hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa. Ki sa wando a ciki da hijabi madaidaici, ki tsaya iya ƙwauri. Wannan ma ya isa ki ji yadda yashi ke zamewa a ƙarƙashin tafin ƙafarki.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Mu abokai biyar muna son fita da iyalanmu. Mahaifiyata ta zo daga Katsina ganin likita, ta ji sauƙi, ta ce tana son ganin teku kafin ta koma. Kunyar irin shigar da ake yi a wurin nake ji a gabanta. Sannan bara maganar kuɗi ta so ɓata tsakaninmu.

Amsa: Allah Ya ƙara wa Hajiya mahaifiyarka lafiya, ƙanena, kuma ka cika mata wannan buri. Maganin kunyarka sammako ne. Masu kiɗa da kwalabe ba su cika fitowa ba sai rana ta karkata. In kun bar gida bayan sallar asuba, kun tsere wa cunkoson hanya, kun sami wurin kusan ku kaɗai da masunta, yashi bai yi zafin ƙona ƙafa ba, kuma ƙarfe biyu kun naɗe tabarmi. Ku kama rumfa a can gefe nesa da lasifika, a samo wa Hajiya kujera mai majingina.

Da tsohuwa a tafiyar, ni Badagry na fi so, ko da yake hanyar na da tsawo, ta Mile 2 da Alaba Rago har kusa da iyakar Seme. Garin ya fi natsuwa, ga inuwar kwakwa, ga abin nuna wa yara. Akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, akwai gidajen tarihi da ke ajiye da sarƙoƙin da aka ɗaure bayi da su. In an haye ruwa zuwa tsibirin Gberefu sai a bi hanyar da aka kora bayin har bakin teku. Ka gaya wa yaranka wannan tarihin ya shafe su: cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa a farkon ƙarni na 19 har da Hausawa, aka kai su Bahiya a ƙasar Brazil, inda a 1807 aka bankaɗo shirinsu na yin tawaye. Ranar da na fara bin hanyar nan ban iya cin abincin da na zo da shi ba. Tafiyar ƙafa ce mai ɗan nisa cikin yashi, Hajiya ta zauna a inuwa da jikokinta ƙanana. Ruwan Badagry kuma na kallo ne, ba na shiga ba.

Batun kuɗi, ku gama shi kwana biyu kafin tafiya. A lissafa mota, kuɗin shiga, rumfa, da na doki ko kwakwar yara, a raba bisa yawan kawunan kowane gida, a tara a hannun mutum ɗaya. Wasu wuraren har kular abinci sai an biya mata, kuma farashi na hawa ranar biki, don haka a aiki yaro ya tambayo. In akwai wanda kasuwa ta juya wa baya a cikinku, ku huɗun ku rufe nasa a asirce, kada matarsa ma ta ji.

Tambaya: Anti, ni ɗaliba ce. In azahar ta same mu a can, ruwan teku na yin alwala? Kuma me zan ɗauka?

Amsa: Yana yi, 'yata. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) cewa suna hawa teku da ɗan guzurin ruwa kaɗan, ko za su yi alwala da na teku? Ya amsa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Ki ɗebo a buta ki dawo kan tudu, kada ki tsuguna a bakin igiya kin ba ta baya. A gaɓar Lekki da Badagry teku na kudu, to ki sa shi a hannun damanki, kin fuskanci gabas ke nan, sai ki ɗan karkata hagu.

Guzuri kuwa, abin da ba ya lalacewa a zafi: soyayyen nama, dambu, cincin, dublan. Zoɓo ki daskarar da shi tun dare ya zama shi ne ƙanƙarar kula. Kunun aya ki bar shi a gida, kafin azahar ya yi tsami. Ki zo da jarkar ruwan daɗi ta ɗauraye ƙafa da fuska, da babbar leda ta kwashe sharar ku, da ƙarama ta ɗaure waya. 'Yan kunnen zinare a cire tun a ɗaki. Lallen Sallah kuma ki yi masa hoto kafin ku fita, don gishiri da yashi za su koɗar da shi.