Na ƙara wa saba RAM, ta ƙi tashi

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da cibiyar da ɗalibai ke gwajin jarrabawar kwamfuta a Birnin Kebbi. Sabarmu, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ɗakin ke dogara da ita, Dell PowerEdge R720 ce ta hannu, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ɗaya, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) falle biyu masu 8GB. In ɗaki ya cika sai ta riƙa jan ƙafa. Na sa aka aiko min da ƙarin falle biyu na RAM nau'in DDR3 masu 8GB, na saka, ta ƙi tashi, ɗan allon gabanta ya koma ruwan goro. Ko na ƙona ta ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka, da wuya a ce ta ƙone. Zare sababbin ka kunna ta, in sha Allahu za ta tashi.

Daga nan ɗauko falle ɗaya cikin tsofaffin, ka jera shi da sabo a kan tebur, ka karanta farar takardar da ke manne a jikinsu. A tsohon za ka ga wani abu kamar PC3L-12800R ko PC3-10600R. Ina kyautata zaton sabon da U ya ƙare. Wannan harafin na ƙarshe shi ne duk rigimar. Dukansu DDR3 ne, haƙoransu 240, rami ɗaya suke shiga, amma kama da wane ba wane ba ne.

Mai U na kwamfutar tebur ne. Mai R an yi shi ne don saba, ana kiransa RDIMM. Duba tsakiyarsa, akwai wani ɗan guntu da ya bambanta da sauran: shi ke karɓar umarnin furosesa ya rarraba, don kada nauyi ya yi mata yawa in an cika ramuka. Yana kuma da ECC, wato in ɗigon bayani ɗaya ya juye, ana gano shi a gyara nan take, aiki bai tsaya ba. Injin da ke riƙe da amsoshin ɗalibai bai kamata ya rasa wannan ba. R720 ba ta yarda a gauraya mai R da mai U. Saboda haka ka mayar wa mai kaya, ka ɗauki hoton takardar tsohon ka tura masa, ka ce irinsa sak kake so. Kada ka ce masa "8GB DDR3" kawai, abin da ke kusa da hannunsa zai ba ka.

Sai wurin sakawa, inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Ramuka 24 ne a cikinta, A1 zuwa A12 da B1 zuwa B12. Layin B na furosesa ta biyu ne, tunda ba ka da ita, duk abin da ka saka a can ba za ta gan shi ba. Furosesar tana da hanyoyi huɗu na zuwa RAM, kuma ramin farko na kowace hanya shi ne mai farin maƙulli, A1 zuwa A4. Falle huɗu iri ɗaya a waɗannan ramukan shi ne daidai, ka samu 32GB kuma hanyoyin huɗu duk suna aiki. In ɗaya ya fi sauran rashin gudu, duk sai su sauko su bi shi.

Amma kafin ka sake kashe kuɗi, ka tabbata RAM ɗin ce ta gaza. Ranar da ɗaki ya cika, buɗe Task Manager, wato shafin Windows da ke nuna nauyin da ke kan kwamfuta. In RAM ta kusa cika, to ita ce. In tana rabi amma faifan ajiya yana 100%, SSD kake buƙata, wato ma'ajiya mai sauri da ke maye gurbin faifan. Duba Windows ɗinka ma: Server 2008 R2 Standard ba ta amfani da fiye da 32GB ko nawa ka zuba.

Ranar aikin, kashe ta, zare wayoyin wuta duka biyu, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu sauran wutar ta fita. In lokacin hunturu ne, yi hattara. Wannan ɗan tartsatsin da kake ji in ka taɓa ƙofar mota ya isa ya lalata falle, kuma busasshiyar iska irin ta Kebbi ita ke haifar da shi. Taɓa ƙarfen jikin sabar tukuna, riƙe fallen ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoran. Hure ƙurar ramin, na sha ganin falle lafiyayye da ƙura kaɗai ta hana shi aiki. Danna shi da manyan yatsu biyu har maƙullan su rufe da kansu, sannan ka mayar da baƙar robar da ka cire, mai bi da iska ta kan RAM ɗin.

Tashin farko yakan ɗan jima, kada ka zare wuta. Danna F2 tana cikin tashi ka ga ko ta ƙirga 32GB, sannan ka bar MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM, ya kwana yana gwaji kafin ranar da ɗalibai za su zo.