Amsa: Me ya sa binciken adabin yara ba ya kaiwa ga iyaye?

Malama, kin tambaya me ya hana binciken littattafan yara isa hannun iyaye da malaman firamare. Mujallu da yawa sai an biya kafin a karanta, ga kuma harshen masana mai nauyi.

Amma fa akwai abin ɗauka. A 1988 Grover Whitehurst, wani masanin halayyar yara ɗan Amurka, da abokan aikinsa suka nuna cewa idan babba yana karanta wa yaro littafin hotuna yana tsayawa yana tambayarsa, "Me kurar nan za ta yi yanzu?", yaron ya fi samun sababbin kalmomi. A ganina bayanin wannan bai wuce minti 5 a rediyo ba, masanan ne ba sa fitowa. Ki leƙa DOAJ, wato shafin intanet da ke tattara mujallun bincike, mujallun can kyauta ne.