Filin Tambaya da Amsa: Me Ke Cin Garin Keta?

Tambaya: Ina sayar da banda a kasuwar Dole, nan Damagaram. Direbobin da ke zuwa Lome ɗauko kaya sun ce akwai wani garin masunta a Gana, ba nisa da iyakar Togo, wanda teku ke ci. Su wane ne, kuma me ya jawo? Daga mai karatu a unguwar Zango.

Amsa: Malam, garin Keta ke nan, mutanensa kuwa Anlo ne, reshen ƙabilar Ewe. Tarihinsu na baka ya ce daga Notsie ta ƙasar Togo suka yi ƙaura a ƙarni na 17, gudun zaluncin Sarki Agokoli. Har yau suna bikin tunawa da wannan fitowar a Anloga kowane watan Nuwamba. Inda suka sauka wani siririn tudun yashi ne, teku a kudu, babban tabki mai gishiri a arewa. Da fari a tabkin suke su, suna kwasar gishiri da rani. Shigarsu teku gadan-gadan sai a ƙarni na 19, da babban taru ya zo musu ta hannun Turawa.

Kan zaizaya, yawanci teku ake zargi, alhali matsalar yashi ce. Igiyar ruwa a wannan gaɓar daga yamma take tura yashi zuwa gabas, kullum tana ɗiba. Da can kogin Volta, da ke faɗawa teku yamma da Keta, shi ke mayar da abin da aka ɗebe. Da aka gama madatsar Akosombo a kan kogin a 1965, sai yashin ya riƙa kwanciya bayan madatsar. Ɗiba babu ƙari, ko rumbu ne sai ya ga ƙasa. Amma kada a ɗora wa madatsar duka laifin: tun 1907 ake kukan zaizaya a Keta, ga kuma masu kwasar yashin gini. Ganuwar Prinzenstein da 'yan Denmak suka gina a 1784 ma ruwa ya rushe wani ɓangarenta.

Daga 2000 zuwa 2004 an jibge manyan duwatsu, an miƙa su cikin teku jere-jere don su tare yashi. Keta ta samu sauƙi. Sai dai yashin da aka tare nan shi ne rabon ƙauyukan gabas, irin su Blekusu da Agavedzi, ɓarnar ta koma can.

Tambaya: Yaya suke jan tarun, ya yi kama da na masuntanmu na Gidimuni?

Amsa: Dabarar ɗaya ce, girman ne ba ɗaya ba. Ana barin igiya guda a gaɓa, kwale-kwale ya fita da tarun yana zubawa, ya yi da'ira ya dawo da igiya ta biyu. Saman tarun na da abin da ke hana shi nutsewa, ƙasansa dalma, tsakiya kuma aljihu inda kifi ke taruwa. Mutane su kasu gida biyu suna ja, suna matsowa juna, aikin sa'o'i. In ɓangare ɗaya ya riga ɗaya, aljihun ya karkace, kifi ya zille. Mata ne ke saye, su yi banda, su kai kasuwa.

Nan ma zaizaya ta taɓa su, don wannan tarun sai da shimfiɗaɗɗen yashi. Inda aka zuba duwatsu ko kangon gidaje ya nutse, yagewa yake. Shi ya sa wasu suka bi gaɓa zuwa Benin da Kwaddibuwa, wasu kuma suka riƙe noman ƙananan albasa a Anloga, suna ban ruwa daga gajerun rijiyoyi cikin yashi.